Shafin Godiyar Baffa

Ko gaisuwa ba mu gama ba Gwaggo Ladi ta ɗora min takardu a cinya. Tun daga Gauraka ta yo shatar Keke Napep saboda wannan magana.

Aikina na farko ke nan a matsayin edita. Baffa Sale, ƙaninta, ya yi ritaya ya rubuta littafin kiwon kifi. Shafi sittin ne, sha huɗu duk godiya, har da mai yi masa aski. Na mayar da ita rabin shafi, kamar yadda aka koya mana a jami'a.

"Ke ce kika cire ni?"

"Gwaggo, waɗanda suka taimaka wa littafin kawai na bari, irin su farfesan da ya duba shi."

"To, 'yar boko. Shi marubucin naki wa ya goya shi? Shekara biyu yana tsula min fitsari a baya. Je ki tambayi farfesan da kika bari ko ya taɓa wanke zani saboda Sale."

Na ɗauki biro. Na mayar da sunanta.

Kafin la'asar dangi sun ji an buɗe ƙofa. Yanzu godiya ta kai shafi sha tara. Don littafin kada ya yi kauri na cire babi na shida gaba ɗaya, kuma har yau ko Baffa bai lura ba.

Editoci, ku da kuka riga ni, akwai wanda ya taɓa cin gwaggonsa a gardama? Ina jiran darasi.