Ranar da Yaya Ta Ɗaga Bijimi

Yayata ko kafaɗata ba ta kai ba a tsawo, amma tun ina yaro ban taɓa ganin wanda ya sa ta yin abin da ba ta yi niyya ba. A unguwa Likitar Kaji ake kiranta. Ba likita ba ce, ita da kanta za ta gaya maka haka tun kafin ka tambaya. Takardar shaidar yin rigakafi ce da ita, wadda ta samu bayan ta shekara tara tana kwashe kashin kaji da ɗaukar buhunan abincinsu a gonar wani mutum. Da ta samu takardar sai ta sayi ƙaramin babur, ta ɗaura kular ƙanƙara a baya, ta shiga bin gonaki tana yi wa 'yan tsaki rigakafi. Ni ne autan gidanmu, ni ne kuma bakanikenta. Shekara goma sha huɗu babur ɗin nan yana shiga garejina yana fita.

Ɗan Tsako muke ce masa. Irin ƙananan nan ne marasa kuloci, kukansa kamar na keken ɗinki. Duk wani kusa da ke jikinsa na san shi, don babu wanda ban kwance na mayar ba. Yaya kuwa tana ji da shi. Ko tsuntsu ya yi masa kashi sai ta tsaya ta goge.

Aikinta gaba ɗaya a kan ƙanƙara ya rataya. Maganin rigakafi ba ya shiri da zafi. Daga firji sai kula, a jera kwalabe a tsakiyar ƙanƙara, a rufe, a yi ta sauri. In ƙanƙara ta narke ruwan ya yi ɗumi, to abin da ke cikin kwalba ya tashi daga magani. Da can wannan bai dame ta ba, don gonakin a bakin gari suke. Sai gari ya yi ta cin gaba, aka yanka filayen aka gina gidaje, masu kaji suka tattara suka koma can bayan tudu, tafiyar kusan awa biyu a hanya mai duwatsu da hawa. Ɗan Tsako ya fara nuna shekarunsa. In ya kai rabin hawan sai injin ya ɗau zafi ya mutu, dole ta zauna a gefen hanya ta jira ya huce. Na canza masa zobe, na canza fistin, na yi duk dabarar da na sani. Injin ne ƙarami, ba lalacewa ya yi ba.

Wata rana cikin tsananin zafi ya mutu mata sau biyu. Ko da ta isa babbar gonar da ke kan tudu, ta buɗe kula, ruwa ne zalla, har ya yi ɗumi. Mai gonar ya ce ta ɗiga musu hakanan, wa zai sani? Yaya ta buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya ta tsiyaye su a rami a gaban idonsa, ta ce ita ba ta ɗiga wa tsako ruwan banza ta kira shi rigakafi. Kafin ta samo wani maganin ta koma, cuta ta riga ta shiga. Kajin ɗaki guda suka ƙare.

Mai gonar bai zage ta ba, don ya san gaskiyarta. Ya dai ce mata ya sa a kawo masa sababbin 'yan tsaki, nan da kwana goma rigakafinsu na farko. In ta iso ƙanƙara ba ta narke ba, aiki nata ne. In ba ta iso ba, akwai wani mai babban babur da ya daɗe yana yi masa zarya, kuma duk gonakin tudun abin da mai gonar ya yi suke yi.

Washegari ta shigo garejina ko sallama ba ta gama ba, ta nuna lungu da baki.

"Auta, wancan na sayarwa ne?"

Wani babban babur ne baƙi da mai shi ya bar mini in nemo masa mai saye. Mu a layin garejinmu Bijimi muke ce masa, saboda faɗin tankinsa da nauyinsa. Na yi dariya, na ce, "Yaya, wannan ai ya ninka ki uku."

"Na tambaye ka nauyinsa? Na sayarwa ne ko ba na sayarwa ba ne?"

Ba zan ce ba ta iya kuloci da giya ba, don ita ta koya mini hawa a babur ɗin mahaifinmu, tana bina a guje da bulala a hannu. Saye ma ba zai gagare ta ba. Don haka na rasa ta inda zan ɓullo mata, sai na yi abin da matsorata ke yi, na kai ƙara wajen babban yayanmu.

Direba muke ce masa har yau, ko da yake ya daɗe da ajiye tuƙin babbar mota. Mutum ne mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, wanda ya saba in ya yi magana a yi shiru. Ya fara da mijinta, wani tela mai sanyin hali. Telan ya ɗago daga kan keke ya ce, "Yaya, shekara ashirin da shida ban ci gardama ko ɗaya a gidan nan ba. In kai za ka iya, ga fili." Direba ya taho gareji a cike ya batse, ya same ta tana zagaya Bijimi tana ƙwanƙwasa tanki.

"Ke yanzu da girmanki," in ji shi, "ki hau wannan? Me mutane za su ce?"

"Su ce ga ta can ta wuce."

"Ki bar wa maza tudun nan mana. Ki riƙe na kusa."

"Na kusa sun zama ɗakunan haya, Yaya. Ko masu hayar zan riƙa ɗiga wa magani a ido?"

Mai faci da mai walda, maƙwabtana, sun riga sun ajiye aiki sun matso. Direba ya ga ana murmushi, sai ya sauya hanya. Ya ce to, hawa ba shi ne magana ba, kowa ma ya iya hawa. Babur faɗuwa yake yi. In ya kwanta da ke a bayan tudu, inda babu kowa, wa zai ɗaga miki? Ya ce gobe da safe a kwantar da Bijimi a ƙasa. In ta ɗaga shi ita kaɗai, ya cire bakinsa. In ta kasa, ta bar maganar har abada.

"Ka faɗa a gaban shaidu," in ji Yaya. Ta hau Ɗan Tsako ta tafi.

Nan ne zan faɗi abin da na yi, ko da yake har yanzu in na tuna sai kunya ta rufe ni. Da sassafe na cika tankin Bijimi fal da mai don ya ƙara nauyi. Na ja shi zuwa inda muke juye baƙin mai, wurin da ƙasa ke santsi. Na cire shi daga giya, yadda da an fara ɗagawa tayoyin za su gangara ya zame. Sannan na kwantar da shi. Ba ƙiyayya ba ce. Ni ake kawo wa baburan da suka yi haɗari, ni nake wanke abin da ke jikinsu kafin in fara gyara. Tsoro nake ji, tsoro mai tsanani, kada wata rana a kawo mini Bijimi a bayan mota babu ita. Na gwammace ta ji kunya a gaban mutum biyar.

Ba mutum biyar suka zo ba. Labari ya zaga layin, har mai sayar da taya ya rufe shago. Yaya ta iso da wando a ƙarƙashin doguwar rigarta, ta tattare rigar ta ɗaure a ƙugu. Ta fuskanci babur ɗin ta kama kansa da hannu biyu kamar yadda ta ga maza suna yi, ta ja. Ya taso kamar taƙi ɗaya, sai tayoyin suka gangara, ƙafarta ta zame a kan mai, ta faɗi a kan gwiwa. Wani ya ƙyalƙyale da dariya. Direba ya ce, "To, an gani dai. Tashi, Allah ya ba da haƙuri."

Ba ta ko kalle shi ba. Ta miƙe, ta dubi ƙasa, ta dubi tayar baya, ta sa ƙafa ta shure ta. Taya ta yi ta juyawa ba abin da ya riƙe ta. Sai ta juyo ta dube ni.

"Auta," ta ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta ɗauki bokitin yashin da nake ajiyewa saboda gobara, ta watsa a kan man, ta tattake. Ta sunkuya ta danna giya da hannu har ta ji ta shiga. Ta buɗe jak, don in ya miƙe ya sami abin dogarawa. Sannan ta juya wa Bijimi baya. Ta tsuguna ta manna ƙugunta a jikin kujera, hannu ɗaya ya kama kan babur, ɗayan ya kama ƙarfen ɗaura kaya. Haka take ɗaukar buhun abincin kaji tun tana aiki a gonar kaji. Ta fara turawa da ƙafafu, tana ja da baya taku kaɗan-kaɗan. Jijiyoyin wuyanta suka fito, gumi ya riƙa ɗiga daga haɓarta. A rabin hanya ta tsaya cak, na ce shi ke nan. Numfashi kawai take mayarwa. Ta ƙara taku uku, Bijimi ya miƙe ya zauna a kan jak.

Mai walda ya buga guduma a kan ƙarfe yana ihu. Yaya ta tsaya ta riƙe ƙugu har numfashinta ya daidaita. Sai ta ce mai faci ya kama mata, suka sake kwantar da babur ɗin a hankali, a kan yashin.

"Yaya Direba," ta ce, "ai kai ma kana hawa irinsa. Bismilla."

Direba ya dubi Bijimi, ya dubi jama'a, ya dafa bayansa. Ya ce likita ya hana shi ɗaukar abu mai nauyi.

"Ashe," in ji Yaya. "To ka riƙa hawa a hankali. In ya kwanta da kai ka aiko a kira ni."

Har mai sayar da taya sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Direba ya yi ta faɗa yana cewa ba ta da kunya tun tana ƙarama, amma ya cika alkawari, bai sake cewa uffan a kan babur ɗin ba.

Ni ne ban sha da daɗi ba. Da jama'a suka watse ta same ni a bayan gareji ina wanke hannun da ba datti. Na fara ba ta haƙuri, na ce tsoro ne ya sa.

"Na sani," ta ce. "Kana tsammani ni ba na ji? Kullum na hau hanyar nan sai gabana ya faɗi. Amma in kana tsoro ka gyara mini birki, Auta. Kada ka zuba mini mai a ƙarƙashin ƙafa."

Ranar ta biya kuɗin Bijimi, ni kuwa ban taɓa aikin kowa ba. Na cire kujerar Bijimi na rage soson har ƙafafunta suka riƙa taɓa ƙasa sosai. Na sa sabon birki gaba da baya, na sassauta kuloci daidai ƙarfin hannunta, mai walda ya yi mata mazaunin kula. Kwana bakwai tana zagaya filin ƙwallo da shi da kula cike da duwatsu, ina tsaye a gefe ba ta ko tambayata. Ɗan Tsako kuwa ta ƙi sayarwa, ta ce ba a yi wa tsoho haka. Yana nan a zauren gidanta a rufe da zane.

Ran kwana na goma ta wuce ta gaban gareji gari na wayewa, hular kwano a kai, ta danna mini oda sau ɗaya. Na wuni ina ɗaure kusa ina kwancewa. Duk motar da ta rage gudu a bakin layi sai in miƙe.

Rana ta yi sanyi na jiyo kukan Bijimi. Ta shigo ta kashe, ta sa jak, ta sauko tana ɗingishi kaɗan. Madubin dama ya fashe. Gefen tanki ya goge, laka ta bushe a jikin salansa, hannun rigarta ya yage har gwiwar hannu, akwai busasshen jini a wurin.

"An yi rigakafin?" na tambaya, don shi ne abin da na san za ta yarda ta amsa.

"Ɗaki huɗu. Jibi gona ta gaba, gata wadda ke bayanta."

Na tsuguna ina duba tankin, ba na son ta ga fuskata.

"A ina?"

"A kwanar nan ta biyu, wajen hawa. Tsakuwa ce ta ja tayar."

"Wa ya ɗaga miki?"

Ta cire hular kwano ta rataya a kan babur, ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta.

"Wa ke can?" ta ce. "Sa mini madubi, Auta. Jibi da wuri zan fita."