Kindirmon Inna a Gefen Hita

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, Hajiya Hadiza, wadda kowa a gidanmu na Catford yake kira Inna, har da maƙwabciyarmu Baturiya. Allah Ya jiƙan ta. Duk shekara addu'a nake yi mata in ja bakina, amma bana likita ya sa ni magana.

Wankan jegon haihuwar 'yata ta fari, Amira, shi ya fara kawo Inna Landan. Bayan rasuwar mahaifinmu sai muka riƙe ta gaba ɗaya. Doguwa ce, miƙaƙƙiya. Ranar da ta ga bahon roba da muka saya don jaririya, ko kallo na biyu ba ta yi masa ba. Ta zauna daɓas a ƙasan banɗaki, ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da Amira a kai, ta wanke ta tas tana yi mata kirari. Ta gama ta miƙe tsam, ba ta dafa komai ba.

A Ɗambatta, inda ta tashi, ba wanda ya san wani abu wai shi kalsiyam. Fulani ne ke kawo nono kowace safiya, a dama fura a sha. Ga miyar kuka, ga zogale, ga ƙananan kifi da ake taunewa har da ƙaya. Rana kuwa ba a gayyatarta, da kanta take shigowa tsakar gida.

Madarar kanti sau ɗaya Inna ta kurɓa, ta ajiye kofin. "Wannan saniyar ba ta taɓa ganin ciyawa ba," in ji ta. Yogot kuma ta ce turare yake yi. Shi ke nan, sai baƙin shayi. Sanyi ya hana ta fita, idan ma ta fita fuskarta kaɗai ake gani. Mu dai dariya muke yi, muna cewa Inna da tsari.

A hankali zanenta ya fara jan ƙasa. Hannunta ya daina kaiwa kantar da take ajiye daddawa, har ta zargi maigidana da ɗaga kantar. Muka ce tsufa ne. Wata rana da hantsi tabarmar kicin ta zame da ita. Faɗuwar ba ta kai a ba da labari ba, amma ƙashin ƙugu ya karye.

A asibiti likita ya yi mana bayani. Ya ce kalsiyam shi ne ƙarfin ƙashi da haƙori, kuma zuciya da tsoka da jijiyoyi ma da shi suke aiki. Idan abinci bai kawo ba, jiki yakan ɗiba daga ƙashi, kamar mai ɗibar hatsi a rumbu ba ya mayarwa, ba ciwo ba alama. Abin ya fi sauri ga mace idan al'ada ta ɗauke. Sannan jiki ba ya iya zuƙar kalsiyam sosai sai da bitamin D, wanda fata ke samarwa daga hasken rana, hasken da Landan ke yi mana rowarsa.

An yi aiki, ta tashi, amma ba ta sake zama a ƙasa ba. Salla ta koma kan kujera. Sau ɗaya na ga hawayenta, bayan ta sallame la'asar. Ta ce, "Ke, goshina yana kewar ƙasa." Da ƙanwata ta haihu, daga kujera Inna ta riƙa ba da umarni, hannayenta suna motsi a cinya kamar su ne ke wankan. Har yau wannan na yi mini zafi.

Ƙwayoyin da aka rubuta mata ta sha ba musu. Madara ce aka yi ta fama, har ta gaji ta ce, "In dole ne, ni zan haɗa abina." Ta aika aka karɓo mata kindirmo cokali guda wurin wata Bafulatana a Croydon, ta ce iri ne. Ta tafasa madara, ta bari ta huce, ta zuba irin, ta naɗe kwanon da tsohon zanenta, ta ajiye a gefen hitar ɗumama ɗaki. Washegari gidan ya ɗauki ƙanshin Ɗambatta. Tun daga nan, kowane kwano sai ta rage cokali guda na gobe.

Bana Amira ta matsa mini da, "Mama, kin yi booking ɗin scan ɗin?" har na je aka ɗauki hoton ƙashina. Likita ya ce nawa ƙashin ma ya fara sirancewa, amma da sauran dama. Amira kuwa ciki gare ta, haihuwa ta kusa.

Nakan ce da Inna za ta leƙo yau, me za ta ce? Za ta gan ni ina hawa bene da gangan, ina haɗiyar bitamin D, ina bin rana daga benci zuwa benci kamar ƙadangare, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Madarar hatsin da jikarta ke sha kuwa, cewa za ta yi kunu ne, a kira shi da sunansa.

Gwalagwalanta an raba, kujerar sallarta na ba da ita don ban son ganinta. Irin kindirmon nan ne bai mutu ba. Ko tafiya zan yi, maƙwabciyata nake bar wa amanarsa. Jiya na kai wa Amira cokali guda a naɗe da zanen, na tarar tana duba bahon jarirai a waya.

Na ce, "Bar shi. Ƙafafun kakar jaririn suna nan."

Na dawo gida na yi la'asar, na daɗe a sujada. Na yi wa Inna addu'a goshina a ƙasa, sannan na miƙe ban dafa komai ba.