Faifan da na sa wa fitila

Shekarar da muka taso daga Kurfi muka zauna Dutsin-Ma, azumi ya faɗo tsakiyar damina. Gidanmu yana bakin gari, ladanin unguwar kuma tsoho ne, muryarsa da ƙyar take ƙetare katanga biyu. Ga gajimare kullum, ba ka ganin faɗuwar rana.

Akwai wani Kirista ma'aikacin lantarki da ke haya a shagon ƙofar gidanmu, Mai Waya muke ce mishi. Shi ya ɗaura mana fitila a tsakar gida, ya kafa mata wani ɗan ido kamar na fara a kan katanga. Da duhu ya yi sai ta kunna kanta, da gari ya waye ta mutu.

Na ce, "Mai Waya, wa ke gaya mata?"

Ya ce, "Mama, idon nan ne. Haske ko ɗan ƙanƙani ya shige shi, ya gani. In bai ga komai ba, sai ya ce dare ya yi."

Na auna ta kwana uku, tana kamawa daidai da magariba. Daga nan na riƙe ta ladani.

Malam, maigidana, ya ce, "Ke, yanzu ƙwan lantarki ne zai ba ki izinin shan ruwa?"

Na ce, "Malam, ita ba ta tari, ba ta zuwa gona."

To, ni tun da girma ya zo mini ban taɓa shan azumi ba, ko na kwana ɗaya. Duk matan unguwa sun san haka, don na gaya musu.

Ran sha bakwai ga wata, rana ta buɗe da zafi. Na fito shanya, na dubi ɗan idon nan, tun safe yana kallon rana ko ƙiftawa babu. Tausayi ya kama ni. Na ɗauko faifaina sabo na kifa mishi, na danne da dutse. Na shiga ɗaki na kishingiɗa, barci ya ɗauke ni.

Da na farka, hadari ya haɗo, gari ya yi duhu-duhu, fitila kuwa tana ci tar. Na yi bismilla, na shanye kunun tsamiya ludayi huɗu, na bi da ƙosai. Ina cikin ludayi na biyar aka kira salla. Na ce yau ladan ya makara.

Malam ya shigo ya tsaya. "Me nake gani?"

"Buɗa-baki."

"La'asar ce fa aka kira!"

Na ce ƙarya fitila ba ta yi. Aka kira Mai Waya, ya hau turmi, ya sauko da faifai a hannu, fitila ta mutu nan take.

"Mama, wa ya sa mata hula?"

Na ce, "Rana ta yi mata yawa."

Malam ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Kwana ɗaya za ki rama. Ita kuma fitilar babu komai a kanta."

Bayan salla na rama, ni kaɗai, gidan duk ƙamshin miya. Na zauna tsakar gida da faifan a kaina ina tsaron rana da idona. Da magariba fitilar ta kunna. Na gan ta sarai. Ban taɓa kunu ba sai da tsohon nan ya gama tarinsa ya kira.