Baba Maharazu Mai Tsintar Takarda

Madalla da 'yan jami'a, mutane masu halacci! Ba su gama kundin karatu sai sun ware shafi guda na godiya, har mai gidan haya sai ya samu layinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Mayu 1993, Allah ya karɓi ran Baba Maharazu, mai ɗinke littattafai a Zongon Kutonu.

Baba, kafin ɗalibai su cika layinmu da ɗakunan haya da na'urar buga takardu, gafakar allo da ta Alƙur'ani kake ɗinki. Da suka zo, ka koma ɗinke musu kundi. Ba ka san Faransanci ba, amma ba ka taɓa juya shafin kowa ba. Wanda ya zo da yunwa kuwa, kwanonka nasa ne.

Halinka ɗaya muke yi wa dariya: ba ka wuce rubutacciyar takarda a ƙasa. Na ce, "Baba, ai boko ne." Ka ce, "Kai ɗan kasuwar Tokpa, ka tabbata babu sunan Allah a ciki?"

Shi ya ja maka. Lokacin yajin ɗalibai na 1989, takardun zagin gwamnati suka cika titi, ka bi kana tsincewa har buhu guda. 'Yan sanda suka same shi a shagonka. Ka san wanda ya buga su sarai, Mansir ne, ɗalibin da ke haya a bayanka, kuma sunansa kaɗai ake nema a bakinka. Wata uku kana tsare, amsarka ɗaya: "A ƙasa na gani." Ka fito da tarin da bai bar ka ba sai ranar Laraba.

Yau kowa na da bakin magana, Mansir ma har ya shiga majalisa. Ranar jana'iza dai mu ne, 'yan kasuwa da direbobi. Wataƙila hanya ce ta cushe.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa ɗan wani. Inna Zuwaira da 'yarku Husaina, Allah ya ba ku haƙuri.

Jiya Husaina ta nuna mini kundin Mansir, ɗinkin hannunka. Na karanta shafin godiya sau biyu, sunaye goma sha tara, babu naka. Ko takardar ce ta ƙare?