Alasan Mai Ɓeraye Ya Nemi Doguwa

Alasan gajere ne tun asali, kamar ubansa, kamar kakansa da ya zo Lome fataucin goro. Ko a rawar jam'iyya da ake tara ma'aikata, sahun gaba ake sa shi, kusa da 'yan makaranta. Bayan an tashi tsohon Zango, unguwar Hausawa, an mai da su bayan gari, ya samu aiki a wani ɗakin bincike, yana ba fararen ɓeraye abinci yana share musu keji. 'Yan unguwa suka ce ga wanda ake biya don ya yi kiwon abin da kowa ke kashewa.

A cikin ɓerayen akwai wadanni, kuma likitar wurin tana haɗa su da manya. Ta ce masa kowace halitta tana da wasu zarurruka na gado a jikinta, ita kuma tana neman zaren da ke ɗauke da umarnin sinadarin girma. Alasan bai damu da zare ba. Abin da idonsa ya gani shi ne, wada ya haɗu da babbar mace, 'ya'ya duk sun fito manya. Ran nan da ƙafa ya koma Zango, yana dariya shi kaɗai, yana gai da har waɗanda yake gaba da su.

Nan da nan soyayya ta kama shi. Meimuna, bazawara mai sayar da kifi a kasuwar Hedzranawoe, ta fi kowace mace tsawo. Ya yi ta sayen kifi har kyanwoyi suka san hanyar gidansa, yana gaya wa dangi wai halinta ne ya burge shi. Tsoronsa ɗaya, kada ta gano shi ta kore shi.

Ran da ya je zance, tana zaune yana tsaye, idanunsu daidai.

“Malam Alasan, tsakani da Allah, ni kake so ko tsawona?”

Gumi ya karyo masa. Ya ce su biyun duka.

Ta yi dariya har mayafinta ya zame. “To ni ma gajere nake nema. Ba na son 'yar da zan haifa ta yi ta buga goshi a ƙofar mutane kamar ni.”

Alasan ya tuna ɓerayensa, bakinsa na ƙaiƙayi. Ya haɗiye maganar, ya ce Allah Ya zaɓa musu mafi alheri, ya tambayi ranar da zai turo manya.