Ranar da Kwamfutata Ta Sha Man Riɗi

Shagonmu a kasuwar Gadarif, can gabas da Khartoum, kashi biyu ne. Gaba na Yayana, da keken ɗinkinsa da tarin jallabiyoyi. Ciki, bayan labule, nawa ne, da kwamfuta guda da nake juya bidiyon biki daga kaset zuwa faifan sidi. Zamanin kezan ne, masu gemun nan da suka riƙe gwamnati, ƙasa na cikin takunkumi. Sabon kayan kwamfuta sai dai ka ji labarinsa a bakin wanda ya dawo daga Jidda. Mu abin da ke iso mana shi ne wanda wasu suka gaji da shi.

Tawa ma tsohuwa ce, ga nawar tsiya. In ka ba ta bidiyo ta matse shi don ya shiga faifai, sai ka yi azahar, ka ci abinci, ka yi la'asar, ka dawo ka tarar tana nan tana nishi. Shi ya sa na karya mata gudu. Haka muke cewa. Ka shiga saitin cikinta, ka tilasta wa ƙwaƙwalwarta, wadda muke kira mu'alij, ta yi sauri fiye da yadda maƙera suka yanka mata. Sharaɗi ɗaya ne, kada mu'alij ya yi zafi. Na bi a hankali, ina ƙarawa ina gwadawa, har na sami inda ta zauna daram. Ta cinye bazara guda a haka, bazarar Gadarif fa, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ina faɗin wannan ne don har yau akwai masu cewa ni na jawo abin da ya faru. Ƙarya suke yi.

A shekarar ne wani dattijo ya zo daga wajen Haɗeja neman danginsa, aka kawo shi gidanmu ya gaida Kaka, mahaifiyar babanmu. Kaka tana ƙaramar yarinya iyayenta suka taso da ita daga can a ƙafa da niyyar Makka, tafiyar ta ƙare a nan. Sun baro ƙanwarta a hannun wata goggo don ba za ta iya tafiyar ba. Tun daga ranar babu wadda ta sake ganin 'yar'uwarta. Ana cikin hira, ana lissafa gidaje da unguwanni, sai dattijon ya ce ai ya san ƙanwar tata, tana nan da ranta, jikokinta har na'urar kallon faifai gare su.

Kaka ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta juyo ta ce da ni, "Kai mai akwatin nan. Ka sa ni a ciki ta gan ni."

Ranar Laraba na aro kyamara wajen wani mai ɗaukar biki. Kaka ta sa lalle, ta yafa farin tob, lulluɓin da take ajiyewa don Idi, ta zauna a inuwar rumfa ta yi magana har muryarta ta dushe. Ta lissafa wa ƙanwarta waɗanda suka rasu da inda aka binne kowa. Ta ɗaga hannu ta nuna mata tabon ƙunar da suka samu tare a murhu. Na kwashe komai na zuba a kwamfuta, na mayar wa mai kyamara kayansa. Washegari ya ɗauki wani biki a garin Basunda a kan kaset ɗin. Ke nan maganar Kaka ba ta rage a ko'ina a duniya ba sai cikin kwamfutata, kuma ta fi ƙarfin faifai sai an matse ta. Dattijon kuwa ranar Juma'a zai hau motar Khartoum, ana sallame salla.

Alhamis dole ta sa na tafi garin Shuwak ta'aziyya. Ban damu ba. Da gudun da na ba ta, aikin safiya guda ne.

Juma'a da sassafe na kunna, na sa ta aiki, na fita shan shayi. Na dawo na tarar da allo baƙi ƙirin. Na sake kunnawa, ta ɗan yi tafiya, ta sandare. Na uku ko tashi ba ta yi ba, sai wani kuka tit-tit kamar ɗan tsako.

Na fara zagin masu wuta, don su muka saba zagi, amma wuta lafiyarta ƙalau. Na zare ƙaramin batirin da ke riƙe saiti don ta manta gudun da na ba ta, na mayar. Ta tashi. Na sake ba ta gudun, ta faɗi. Na rage, ta faɗi. Na rage har kusan inda maƙera suka bar ta, ta ɗauki bidiyon kaɗan, ta sake faɗuwa. Abin da ya yi wata da watanni yana aiki ba ya lalacewa haka kawai ranar Alhamis. Na leƙa inda take nuna zafinta, na ga yana hawa kamar an ɗora tukunya.

Na kwance murfin gaba ɗaya na kai fuskata kusa. Fankar da ke kan mu'alij tana juyawa da ƙyar, fukafukanta sun yi baƙin danƙo, zare da ƙurar yadi sun manne. Sai ƙamshi ya bugi hancina, ƙamshin da duk ɗan Gadarif ya sani tun yana goye. Man riɗi.

Na ɗaga ƙarfen da ke zuƙe zafi. Ɗaya maƙalinsa ma ba a danne yake ba. A ƙarƙashinsa ya kamata in ga ma'ajun, wani toka-tokan maiƙo da ake shafawa don zafi ya ratsa daga mu'alij zuwa ƙarfen. Babu ko ɗigo. An goge shi fes, wurin sai sheƙi yake da mai.

Na yaye labule. Yaya na zaune yana kafa maɓalli.

"Yaya, wa ya taɓa min kwamfuta?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ni ne. Ƙarar fankar nan ta ishe ni. Na daɗe ina ɗiga mata mai in ka fita, kai ba ka kula da kayanka. Jiya na ga ba ta daina ba, na kwance ta duka. Ka ga dattin da na goge a ƙasanta kuwa?"

Datti. Ma'ajun ɗin yake kira datti.

A garinmu man riɗi maganin komai ne. Yaro ya yi zazzaɓi a shafe shi da shi, kunne ya yi ciwo a ɗiga, ƙyaure ya yi ƙara a zuba. Yaya tun yana saurayi yake kwance keken ɗinki yana mayarwa, don haka a ganinsa duk abin da ke juyawa ƙanen kekensa ne. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ya zauna yana jiran godiya.

Na ce, "Wa ya sa ka? Na taɓa zuwa na kwance maka keke? Maganar Kaka ce a ciki, mutumin nan yau zai tafi."

"Ka rage murya, ni ba sa'anka ba ne. Kai da ka ce kana sa ta gudun da ya fi ƙarfinta? In jaki ya faɗi, mai dukansa ake tambaya."

Na faɗa masa maganganu a ranar waɗanda ƙane ba ya faɗa wa wansa a tsakiyar kasuwa. Maƙwabta suka taru suna ba ni haƙuri, wai alheri ya nufa. Alheri. Ban janye ko kalma ɗaya ba, kuma har yau ban ga dalilin janyewa ba.

Mai sayar da ma'ajun ba ya buɗewa ranar Juma'a. Na hau raksha, babur mai ƙafa uku, har gidansa a bayan gari, na same shi ya tafi gona, matarsa ta yi ta bincike kafin ta samo min wani ragowa. Na dawo na wanke fanka da fetur, na goge mu'alij, na shafa, na ɗaure. Fankar ta riga ta gaji, rabin ƙarfinta take bayarwa. Na gwada ba ta gudu ko kaɗan ne, ta faɗi. Dole na mayar da ita tafiyarta ta tsohuwa, na jawo fankar shago na kafa mata a baki. Lokacin rana ta take. Masu zagayen kasuwa suka fara buga ƙofofi da sanda, wai a rufe a tafi masallaci. Na bar ta tana aiki na tafi, kuma Allah na gani ban ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba.

Ana sallamewa dattijon ya zo da jakarsa. Na ba shi kujera, muka zuba wa allo ido tare. Layin da ke nuna aikin ko rabi bai kai ba. Ya yi haƙuri bakin gwargwado, har aka aiko daga tasha cewa mota ta cika.

Ya miƙe ya ce, "Ɗana, in an sami mai zuwa ka aiko. Zan faɗa mata na ga yayarta da idona."

Mai zuwa ina? Shi ma sai da Kaka ta tsufa tukuf kafin Allah ya jefo shi.

Faifan ya fito bayan la'asar, lafiya lau, ba inda ya karce. Na kai gida don ban san me zan yi da shi ba. Kaka na kan darduma. Ta ga abin a hannuna, ta dube ni. Matan gida suka ce a sa a gani ko za ta ji sanyi. Aka sa. Ga ta nan a allo cikin farin tob, tana gyara zama, tana kiran ƙanwarta da sunan da take kiranta suna yara.

Kaka ta saurara kaɗan, sannan ta ce, "Kashe, ɗan nan. Ni ba da kaina nake magana ba."