Kujerar Malama Lucia

In ka je unguwar Muchia a Sabon Gari ka tambayi gidan Malama Lucia, ba wanda zai tsaya yi maka dogon kwatance. Za a ce maka gidan da ke da gwanda a ƙofa, wanda yara ke rage murya in sun zo wucewa. Malamar firamare ce, gajera, mai jiki, mai tafiya da sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Ba ta da faɗa, amma tana da wani kallo da ke sa yaro ya tuna laifin da ya yi tun makon jiya. A aji dokarta ɗaya ce, ba ta hukunta yaro sai ta ji ta bakinsa, ko da an kama shi dumu-dumu.

Iyayenta daga kudancin Kaduna suka zo. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Sabon Gari, ya rasu tana ƙarama. Abokinsa Albert, wanda a lokacin ƙaramin malami ne a jami'a, shi ya zo ya ɗauke ta da ɗan akwatinta ya kai ta gidansa a Samaru. Shi da matarsa Elizabeth suka riƙe ta. Shi ya sa ta a makarantar horon malamai, shi ya tsaya mata a matsayin uba ranar da aka ɗaura aurenta da Othniel a coci, har ya yi hawaye ya ce wai mura ce. Baba take kiransa, kuma tunda take ba ta taɓa zama a kan kujera a gabansa ba. In ta je gaisuwa sai ta cire takalmi a ƙofa, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta zame ta zauna a ƙasa, gefen kafet, kusa da ƙafafunsa. Wurinta ke nan tun tana yarinya. 'Ya'yan cikinsa suna hawa kujera har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ita kam a'a. Baba kan nuna ta ga baƙi ya ce wannan ce 'yarsa ta gaske, kuma wannan magana ta fi mata komai a duniya.

Tana da 'ya'ya uku ta koma karatu, a farkon shekarun dubu biyu, ta shiga tsangayar ilimi a jami'a neman digiri. Kullum da safe ta hau bas daga Sabon Gari, a matse ta tsakanin 'yan kasuwa da buhunan tattasai, a bi ta Kwangila a wuce Palladan, ta sauka a Samaru ta shiga aji da yaran da a shekaru ta kusa haifarsu. Su suka laƙaba mata Mama. In an yi rigima a kan benci, ita ke rabawa. In wata ta yi ciki tana ɓoyewa, ita ke fara ganewa. To, da lokacin zaɓen wakilin ɗalibai a kwamitin ladabtarwa ya zo, samarin da ke neman kujerar suka cinye juna da surutu, sai 'yan mata suka ɗaga sunan Mama. Ta ce ba ta so. Suka ce ai shi ya sa suke so. Haka ta ci zaɓe tana ƙunƙuni.

Shi wannan kwamiti malamai ne a cikinsa da ɗalibi guda. Ƙa'idarsa kuwa, ba a korar ɗalibi sai wakilin ɗalibai yana zaune. In wakilin ya ɗaga hannu ya ce bai yarda ba, dole a kira mai laifin ya zo ya yi magana da bakinsa kafin a yanke masa hukunci. In ya yi shiru, shirunsa amincewa ce. Ƙa'ida mai kyau, ba wanda zai kushe ta. Abin da ba wanda ya tsaya ya duba shi ne, shugaban kwamitin a wannan shekara Farfesa Albert ne.

A shekarar malamai sun yi dogon yajin aiki, makaranta ta daɗe a rufe. Da aka dawo, kowa ransa a wuya yake. Aka matse jadawalin jarrabawa don a cike giɓin da aka samu, ɗalibai suka ce ba a koya musu rabin abin da za a tambaye su ba. Wata safiya suka ɗaure ƙofar tsangaya da sarƙa. A cikin turereniya aka ture wani dattijon malami, ya faɗi, tabaransa ya fashe, goshinsa ya tsage. Da aka tambayi wa ya yi, duk yatsu suka nuna Kevin.

Kada ka ce Kevin wani abin tausayi ne. Ɗan Sabon Gari ne mai baki kamar rediyon mai shayi, ba ya gaida kowa, kuma shi ya sayo sarƙar a shagunan PZ, wannan bai musa ba. Turin ne ya ce ba shi ba ne. Lucia ma ba ta ƙaunarsa ko kaɗan, domin ya taɓa kwaikwayon tafiyarta a gaban aji.

Ranar zaman farko ta shiga ɗakin taro ta tarar da dogon tebur, malamai sun zagaye shi, Baba a can kan gaba, ga kujera guda ba kowa, tana kallonsa ido da ido. Tata ce. Ta tsaya a bakin ƙofa. Yaya za ta ja kujera daidai da ta Baba ta zauna, kafaɗa da kafaɗa da sa'o'insa? Ta rusuna ta gaishe su, ta lallaɓa ta zauna a wani benci da ke bakin ƙofa, inda masinja ke zama. Ba wanda ya ce ta matso. Aka karanta laifin Kevin, malamai suka yi ta magana da Turanci mai zafi, aka kawo shawarar kora. Baba ya tambaya ko akwai mai ja. Lucia tana da magana a cikinta, amma a gidan da ta tashi yaro ba ya tsoma baki sai an kira sunansa, kuma ba a kira ba. Ta sunkuyar da kai tana jira a ce Lucia, me kika gani. Sai ji ta yi ana jan kujeru, an tashi.

Kafin ta kai bakin titi labari ya riga ta. An ce an kori Kevin, kuma wakiliyar ɗalibai tana zaune ba ta ja ba. Yaran da jiya ke rige-rigen riƙe mata jaka suka dare mata hanya ba gaisuwa. Kevin ya tare ta a gindin darbejiya, ya tambaye ta a gaban kowa ko zaɓenta aka yi ta je ta yi gadin ƙofa. Aka kwashe da dariya mara daɗi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma abin da ya fi ciwon shi ne gaskiya ya faɗa.

Saura zama ɗaya, wanda za a tabbatar da hukuncin a miƙa shi sama. Ɗalibai suka ce in aka tabbatar, za su fito zanga-zanga. Kowa ya san abin da ke biyo bayan fitowar: 'yan sanda, barkonon tsohuwa, a sake rufe makaranta, kowa ya kwashi katifarsa. Othniel ya ba ta shawara ta kwanta ta ce zazzaɓi take yi, su ƙarata can. Ta ce masa in ba ta je ba ma hukuncin farko ne zai tsaya, tunda tana zaune aka yanke shi, kuma da sunanta a kansa.

Ranar Asabar da yamma ta tafi Samaru gaida Baba. Ta zauna a wurinta na kullum, Mama Elizabeth ta miƙo mata tiren gyaɗa tana ɓarewa. Ta yi niyyar ta roƙe shi a nan, cikin gida, ya sa a kira yaron, ba sai ta buɗe baki a gaban mutane ba. Ta fara kewaye-kewaye, shi kuwa ya riga ya gane inda ta dosa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi sauƙi. Ya ce mata malamin da aka ture abokin aikinsa ne tun kafin ta iya ɗaura zane, kuma har yanzu da ɗinki a goshinsa. Ya ce malamai sun rantse in ba a kori yaron ba, ba mai shiga aji. Ya ce in aka ba Kevin fili ya yi magana, ba kare kansa zai yi ba, wa'azin tawaye zai yi, waɗanda ke waje su ɗauka. Yana magana ta ga yadda ya rame. Tsoro yake ji, ba mugunta ba ce.

Ya ce, "Ke dai ki yi yadda kika yi wancan karon. Ki bar mini nauyin, ni zan ɗauka. Kin ji ko, 'yata?"

Ta ce, "To, Baba."

Bakinta ne ya faɗa, kamar yadda ya saba faɗa tun tana yarinya. A cikin bas tana komawa gida ta yi ta juya wannan "to" ɗin a ranta. Ta yi wa ɗalibai alkawari ranar da suka zaɓe ta, yau kuma ta yi wa Baba. Ɗaya dole ya karye, kuma ta san sarai abin da za ta rasa in na Baba ne ya karye.

Ranar zaman an ɗauke wuta tun safe, fanka a tsaye, ɗakin ya yi zafi. Ɗalibai sun cika gindin bishiyoyi a waje, ba waƙa ba ihu, tsayuwa kawai, wadda ta fi ihun ban tsoro. Motar 'yan sanda na ajiye a nesa kaɗan. Lucia ta ratsa su ba ta kalli kowa ba. Ta shiga ta rusuna ta yi gaisuwa. Bencin masinja na nan a bakin ƙofa, har ta juya wajensa. Sai ta tuna yadda take tsayar da yaro a gaban allo ta ce masa faɗi naka in ji. Ta ƙarasa wajen teburin, ta ja kujerar. Ƙafar kujerar ta yi ƙara a kan siminti, kowa ya ɗago. Ta zauna a bakin-bakinta, zufa na bin bayanta.

Baba ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe, sannan ya mai da kai kan takardunsa. Aka maimaita hukuncin. Ya tambaya da Turanci ko akwai mai ja, kuma bai kalli wajenta ba.

Ta ɗaga hannu. Bai yi sama sosai ba, amma an gani.

Wani malami ya yi tsaki ya jefar da biro. Baba ya ajiye Turancin gefe, ya yi mata magana da Hausar gida, a hankali, kamar su biyu ne kawai a wurin.

"Lucia, kin san abin da kike yi?"

"Baba, ba a ji ta bakinsa ba."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Baba ya gyaɗa kai, ya juya ya sanar da cewa wakiliyar ɗalibai ta ja, don haka bisa ƙa'ida za a kira yaron. Ya yi komai daidai, bai tauye mata ko kalma ɗaya ba.

Aka kira Kevin. Ya yi surutunsa, rabi kare kai rabi rashin kunya, amma ya ambaci waɗanda ke kusa da ƙofar lokacin da abin ya faru, kuma malamin da aka ture da kansa ya ce gaskiya bai ga fuskar wanda ya ture shi ba. Aka dakatar da Kevin na zango ɗaya saboda sarƙar, ba a kore shi ba. Malamai suka yi gunaguni na kwanaki suka koma aji, ɗalibai ba su fito ba, makaranta ta zauna a buɗe. A waje aka yi ta kiran Mama, Mama, ita kuwa ta sulale ta baya ta hau acaɓa. Kevin har ya gama makarantar bai ce mata sannu ba, kuma ba ta jira ba.

Ranar Lahadi bayan sujada a coci ta dafa fate da yakuwa irin wanda Baba ke so, ta ɗaure kwanon a ɗankwali ta tafi Samaru. Duk hanya tana tsara yadda za ta ba shi haƙuri. Ta shirya wa faɗa, ta shirya wa shiru, har kora ta shirya wa. Ta cire takalmi a ƙofa, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi Othniel, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Zuciyarta ta fara sanyi. Ta zame za ta zauna a wurinta, gefen kafet.

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita, ya waiwaya wajen kicin.

"Elizabeth, kawo wa Malama kujera."

Mama Elizabeth ta fito ta tsaya, ta dubi mijinta, ta dubi Lucia, ba ta motsa ba. Sai shi da kansa ya miƙe da ƙyar, ya jawo kujerar baƙi, mai mayafin saƙa a kanta, ya ajiye ta daidai da tasa. Ya tsaya yana jira, cikin ladabi, kamar yadda yake jiran manyan baƙi.

Lucia ta zauna. Kwanon faten na kan cinyarta, har yanzu da ɗumi, ta rasa wanda za ta miƙa wa.